Lafiya Lau a Ƙarƙashin Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shaƙi iskar surukina a ƙarƙashin teku ba, ko da yake gara in faɗa tun yanzu cewa wasu abubuwan sun fara dusashe mini. Mai yiwuwa in sa na gaba a baya, ko in ɗora wa wani maganar da ba shi ya yi ba. Ruwan gishirin da na sha a ranar ba kaɗan ba ne, kuma mai fushi ba ya riƙe labari daidai. Har yanzu kuwa a fusace nake. Abin da ban gama tantancewa ba shi ne da wa.

Lokacin ina karatun digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak a Kuala Lumpur, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Brickfields, saman shagon wani Ba'indiye mai sayar da furanni. Maiɗakina Hafsatu tana Zariya a gidansu. Wanka ta je bayan haihuwar ɗiyarmu, aka yi arba'in, aka wuce, yarinya har ta fara rarrafe, ni dai ta waya nake ganinta. Duk sanda na tayar da maganar su taho, sai Baba, mahaifin Hafsatu, ya ce ƙasar ta yi nisa, shi bai san irin zaman da nake yi ba, amma ai Nasiru na can, abin da Nasiru ya gani ya faɗa shi za a yi.

Yaya Nasiru shi ne babban wan Hafsatu. Ya daɗe a Kuala Lumpur yana tura kayan gyaran waya zuwa Kano, yana zaune a Sentul a wani dogon bene mai wurin iyo a tsakiya. Da ƙanin Hafsatu ne da ba matsala, sai mu yi ta tsokanar juna. Amma wan mace suruki ne. Ban taɓa cin abinci na ƙoshi a gabansa ba, ban taɓa kallonsa ido cikin ido ba, in ya tambaye ni karatu in ce alhamdulillahi, ko da a ranar malamina ya dawo mini da babi guda jajir da biro.

Wata Asabar ya kira ni wurin shan shayi na mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Na tarar da shi tare da Kabiru Boleh, wani dillali ɗan Kano da ke nemo wa ɗalibai komai, daga ɗakin haya har tikitin jirgi. (Sunan ya samo shi ne saboda duk abin da ka tambaya sai ya ce boleh, wato zai yiwu, ko da kuwa ba zai yiwu ba.) Yaya ya ce shi yanzu ya koyi nutso irin na masu tukunyar iska a baya, abokan kasuwancinsa suka koya masa, kuma hutun zangon karatu za su je wani tsibiri a gabas. Ya ce sau nawa yana shiga bai taɓa dacewa da kunkurun teku ba, wannan karon sai ya gani. Sannan ya dube ni ya ce, "Dakta, da kai za mu. Mutum ba a saninsa a teburin shayi, a tafiya ake saninsa."

Na gane sarai abin da yake nufi. Iyo kuwa ɗan kaɗan na iya, irin na yaron da ya taso kusa da dam ɗin Samaru uwarsa na hana shi zuwa. Abin da ya kamata in ce shi ne ina tsoro. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Yaya, Allah ya kai mu."

In dai shiri ne, ba na jin akwai wanda ya taɓa shirya wa hutu kamar yadda na shirya. Littafin da aka ba mu na koyon nutso na karanta shi har na ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla, wanda ko littattafan bincikena ban yi wa haka ba. Na je asibitin jami'a aka auna mini ƙirji da kunne. Na kalli bidiyon mutanen da abin ya ɓaci musu a ruwa har na daina barci sosai (wannan ba na ba kowa shawarar ya yi). A wurin iyon benen su Yaya aka yi mana horo, wani ɗan Malesiya mai suna Faiz ke koyarwa, mutum mai sanyin murya. Shi ya koya mana maganar hannu, tunda a ƙasan ruwa ba baki. In ka haɗa babban yatsa da manuniya suka yi zobe, tambaya ce: lafiya? In lafiya kake, ka mayar da zoben. In akwai matsala, ka shimfiɗa tafin hannu ka girgiza shi, ka nuna inda ke damunka. Akwai kuma agogon iska da ke rataye a jikin kowa. In allurarsa ta kai rabi ka sanar da abokin nutsonka, in ta doshi ja ka sanar a hau sama. Jarrabawar takarda ban faɗi ko tambaya ɗaya ba. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ce rashin sani ne ya kai ni. Na san komai.

Kayan nutson Kabiru ne ya yi mana hayarsu. Da ya miƙo mini rigar robar nan mai manne wa jiki, na ji wani ɗan wari da ban yarda da shi ba. Na tambaye shi a hankali ko an wanke ta. Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Dakta, a teku ai babu banɗaki. Rigar ita ce banɗakin. Kowa a ciki yake yi, har ɗumi take ba ka."

Na ce masa ni ba kowa ba ne. Na kai rigar ɗakina na wanke ta, na sake wankewa, na jiƙa ta a bokiti, na ɗauraye, har Ba'indiyen ƙasa ya hawo ya tambaya ko famfo ne ya fashe. Na ɗauki alkawari tsakanina da Ubangijina cewa ni dai ba zan ƙara wa rigar nan najasa ba, in fito in ce zan yi salla da wane jiki? Ina ganin har yanzu wannan niyyar ba laifi ba ce. Inda aka samu matsala shi ne shafin littafin da ya ce mai nutso ya sha ruwa da yawa kafin ya shiga, don rashin ruwa a jiki na jawo wata cuta mai lanƙwasa gaɓoɓi. Ni kuwa in littafi ya ce da yawa, da yawa nake ji.

Mota ta kai mu bakin teku, jirgin ruwa ya tsallakar da mu tsibirin. Wurin na da kyau, ba zan ci amanarsa ba: yashi fari kamar garin tuwo, ruwa garau kana hango ƙafarka. Amma ni ban ga da yawa ba, ina bitar littafi. Da safen da za mu shiga na sha shayi kofi biyu don Yaya ya zuba mini na biyun, ba a ƙin hannun babba. Sannan na bi da ruwan gora kamar raƙumin da zai tsallaka sahara.

Ƙaramin kwale-kwale mai inji ne ya ɗauke mu, babu wani lungu a cikinsa balle banɗaki. Tun ba mu yi nisa ba na fara jin marata ta yi nauyi. Na ga wani Bature ya faɗa ruwa ya riƙe tsani yana kallon sama kamar mai tunanin duniya, ya hawo yana murmushi, na gane abin da ya yi. Ni Yaya na zaune gwiwarsa na gogar tawa. Ta ina zan fara? In ce, "Yaya, a tsayar da jirgi zan kama ruwa"? Na ce wa kaina ai ɗan lokaci ne, ɗa namiji ya daure. Faiz ya raba mu bibbiyu, ya nuna ni ya nuna Yaya, ya ce tunda 'yan'uwa ne ku kula da juna. Kabiru shi aka ba wa kyamara.

Abin da littafin ya faɗa kuma na manta da shi, ko na ƙi tunawa, shi ne cewa sanyin ruwa da nauyinsa suna matse mutum su ƙara masa jin fitsari. Muna sauka ƙasa abin ya ninka. An ce akwai kifaye masu launi iri-iri da duwatsun murjani kamar lambu. Na yarda, na gani a bidiyo daga baya. Ni a lokacin duk duniyata ta koma ƙasan cibiyata. Na harɗe ƙafafu, takalman iyon nan masu kama da ƙafar agwagwa suna karo da juna, ina tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Numfashina ya yi sauri. Kumfa sai tashi take daga bakina kamar tukunyar da ta tafasa.

Yaya ya juyo ya yi mini zobe da yatsu. Lafiya?

To, a nan nake so mai karatu ya yi mini adalci. Tun da aka haife ni, an taɓa tambayata lafiya na ce a'a? Na ga mutum a gadon asibiti a Shika, roba a hanci, aka ce masa ya jiki ya ce da sauƙi, kafin la'asar aka yi jana'izarsa. Haka aka rene mu. Hannuna bai ma yi shawara da ni ba, sai gani na yi ya mayar da zoben. Lafiya lau.

Na duba agogon iskata, allura ta wuce rabi, alhali ba mu daɗe ba. Doka ta ce in faɗa. Amma in na faɗa an gama nutso ke nan, a hau sama, Yaya bai ga kunkurunsa ba, kuma a tambaye ni dalilin da ya sa na zuƙe iska haka. Sai in zama yaron da ya katse wa surukinsa hutu saboda mara. Wannan ne za a ba wa Hafsatu da jaririya a ƙasar da ba uwa ba uba? Na kife agogon a cikina na danne da hannu. Yaya ya sake yin zobe, na sake mayarwa. Ina jin ya tambaya har sau huɗu, shi ya ce ya fi haka, ba zan yi musu ba.

Kunkurun ya zo. Na gan shi da gefen ido, ƙato, yana kaɗa hannuwa a hankali kamar dattijon da ba ya bin kowa bashin gaisuwa. Yaya ya juyo don ya nuna mini shi, sai ya tsaya yana kallona. Ban san me ya gani a idona ta cikin gilashin ba. Ya matso, ya fizge hannuna daga cikina, ya juya agogon. Allura tana can cikin ja, ta kusa kwanciya.

Ban taɓa sanin ana iya jin ihun mutum a cikin ruwa ba sai ranar. Ya zaro bututun numfashinsa na ajiya, ya cire nawa, ya cusa mini nasa a baki, ya damƙi ɗamarar ƙirjina ya jawo ni. Haka doka ta ce a yi: ƙirji da ƙirji, ido cikin ido, kowa riƙe da ɗan'uwansa, a hau a hankali. Mutumin da ban taɓa kallo sama da gemunsa ba, ga hancina ga nasa. Kuma ba a fita kai tsaye, sai an tsaya ƙasa kaɗan da saman ruwa na ɗan lokaci don jiki ya saba. Faiz ya zo gefenmu ya yi alamar mu tsaya. Muka tsaya, muna lilo, ina shaƙar iskar surukina.

A nan ne alkawarin da na ɗauka a Brickfields ya warware. Ban yanke shawara ba, wallahi, jiki ne ya gaji da ni. Na ji ɗumi ya bi cinyoyina. Rigar kuwa guntuwa ce, iya gwiwa, kuma ruwan, kamar yadda na faɗa, garau yake. Wani ɗan gajimare ya taso tsakaninmu. Wasu ƙananan kifaye masu ratsin rawaya suka taru suna bincike. Yaya ya dubi ƙasa, ya dubi kifayen, ya ɗago ya dube ni. Sannan a hankali ya ɗaga hannunsa ɗaya ya yi zobe.

Na mayar masa. Lafiya lau.

Kabiru yana gefe da kyamara. Ni a ganina mai imani zai kashe ta a wannan lokacin. Shi ya ce hannunsa ne ya ƙage. Allah ne masani, amma wanda hannunsa ya ƙage ban san yadda ya iya matso da hoto kusa ba.

A kwale-kwale Faiz bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zan sake shiga ruwa a ƙarƙashin kulawarsa ba sai na koma wurin iyo na sake horo, don wanda ke ɓoye agogonsa ba kansa kaɗai yake sa wa a haɗari ba. Yaya bai ce komai ba. Bai ce komai ba a tsibirin, bai ce ba a jirgi, bai ce ba a mota har muka shigo Kuala Lumpur. Ni kuwa na riga na gama lissafi: ɗiyata za ta yi tafiya, ta yi magana, ta shiga makaranta, duk ta waya. Kafin mu iso bidiyon ya riga mu shiga zauren 'yan Najeriya na waya, an sa masa suna Dakta Lafiya Lau.

Washegari da hantsi ya kira ni Sentul. Na shiga na zauna a ƙasa gefen kujera, kaina a sunkuye, na fara ba da haƙuri a kan abin da ya faru da rigar. Ya katse ni.

"Wa ya yi maka maganar fitsari? Ni ma na yi, tun muna sauka. Kabiru ya yi. Tambayarka nake, sau nawa na ce maka lafiya?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Iskarka ta ƙare kana ce mini lafiya lau. Da ban duba ba fa? Gawarka zan kai wa Hafsatu in ce mata kunya ce ta kashe shi? To gobe in yarinyar nan ta yi zazzaɓi da tsakar dare, ko kuɗin haya ya gagara, na buga waya na ce ya gida, me za ka ce mini?"

Ban san daga ina abin ya taso ba. Wataƙila jin cewa shi ma ya yi ne, bayan duk wankin da na sha. Na ɗago kai, karo na biyu a rayuwata na dube shi ido cikin ido, na ce masa tun a wurin shayi ban so zuwa ba. Na ce ina tsoron ruwa, ina tsoronsa shi ma fiye da ruwan. Na ce babin da na rubuta an dawo mini da shi, ɗakina na Brickfields yana yoyo, kuma rabona da barci mai daɗi tun ranar da aka ce abin da Nasiru ya faɗa shi za a yi. Na ce mutum yana da mata da 'ya amma sai an kai shi ƙasan teku an gwada shi kamar injin da za a saya, wannan ba daidai ba ne. Ina jin har na ce ba na son shayi kofi biyu. Duk na faɗa. Da na gama na tuna da wa nake magana, na ƙara da cewa, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

Yaya ya dube ni. Sannan ya ce, "To, yau ka yi magana. Da haka ka yi a ruwa da na ga kunkuruna da kyau."

A gabana ya kira Baba. Bai faɗi maganar riga ba, wannan na gode masa. Ya ce yaron kirki ne, ba ya sha ba ya yawo, amma yana da wata cuta: in gida na cin wuta aka gaishe shi zai ce lafiya lau. Don haka a turo Hafsatu, da sharaɗin in bar ɗakin Brickfields in dawo Sentul inda idonsa zai riƙa kaiwa, tunda bakina ba abin dogara ba ne. Baba ya ce abin da Nasiru ya ce shi ke nan.

Sun zo. Ɗiyata a kan tabarmar falona ta fara takawa, ina riƙe da yatsunta. Ba zan ce ban ji daɗi ba. Amma gidan da Kabiru Boleh ya samo mana (shi dai, wa kuma?) yana hawa biyu ƙasa da na Yaya, a bene ɗaya. Kusan kullum sai mun haɗu a lif, na'urar hawa bene. Ba ya cewa komai, sai ya ɗaga hannu ya yi zobe, yaransa masu amsa Hausa da Turanci su ma su ɗaga. Hafsatu ta ga bidiyon tun tana Zariya, ashe ƙawayenta sun tura mata. In na dawo daga makaranta ta ce ya aiki na ce lafiya lau, sai ta ce, "Ta tudu ko ta ƙasan teku?"

Darasin da na ɗauka, in har darasi ne, shi ne kunyar suruki abu ne mai kyau a inda iska take kyauta. Inda aka auna maka ita a tukunya, ka girgiza hannu tun da wuri. Kuma in littafi ya ce ka sha ruwa da yawa, ka fara tambaya ko jirgin na da banɗaki. Jiya a lif Yaya ya yi mini zobe, na shimfiɗa hannu na girgiza, na nuna masa takardar gyaran da malamina ya ba ni. Ya yi dariya ya ce in hawo mu ci abinci. Na ci, kuma na ƙoshi, ko da yake ban ƙara ba.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Waɗanda ke cikin kwale-kwalen nan, in akwai inda na ƙara ko na rage, don Allah ku aiko mini da gyara, musamman yawan zoben da na mayar da kuma girman gajimaren, don ni ina ganin bai kai yadda ake faɗa ba. Kabiru kaɗai na cire. Shi ba gyara nake nema a wurinsa ba, bidiyon nake so ya goge, kuma duk sanda na roƙe shi sai ya ce boleh.